Yadda za ka auna zafin da haidirojin ke riƙewa cikin ƙarfe, da sikeli da ruwan naitirojin

Akwai ƙarafan da ke shan haidirojin, ya shige cikin jikinsu ya zauna. Da zarar ya shiga, yadda ƙarfen ke ɗaukar zafi da yadda yake sakinsa ya canja, kuma canjin ya fi fitowa fili idan aka sanyaya ƙarfen ƙwarai. Na rubuta wannan jagora ne don malaman kimiyya na lise, wato babbar sakandare, da ɗaliban Jami'ar André Salifou a nan Damagaram, domin ina ganin an daɗe ana ɗaukar irin wannan ilimi a matsayin na allo da alli kawai. Wani sashe nasa, gaskiya ne, sai da na'urori masu tsada. Amma akwai sashen da za ka gani da idonka, ka auna, ka lissafa, idan kana da sikeli mai kyau, da litoci kaɗan na ruwan naitirojin, da haƙuri.

Ƙarfen da za mu yi aiki da shi faladiyom ne. Tun 1866 Thomas Graham ya gano a Landan cewa yana shan haidirojin da yawan gaske, har kusan ninki 900 na girmansa. Haidirojin ba ya zama a ciki a matsayin iska. Yana rabuwa ƙwaya ɗai-ɗai a fuskar ƙarfen, sannan ƙwayoyin su kutsa cikin guraben da ke tsakanin ƙwayoyin zarran faladiyom, kamar a zuba gero cikin kwandon lemo.

Abin da kake nema kafin ka taɓa komai

Kada ka fara aikin hannu ba ka san lambar da kake jira ba. Wanda bai san abin da yake nema ba, duk abin da sikeli ya nuna masa zai amince.

A 1819 Dulong da Petit suka nuna a Faransa cewa mol ɗaya na yawancin ƙarafa yana buƙatar kusan jul 25 kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya. Mol ƙayyadadden adadin ƙwayoyin zarra ne, ɗaya ga kowane sinadari, jul kuma ma'aunin yawan zafi ne. Wannan shi ne ƙarfin riƙe zafi. Ƙa'idar tana aiki a zafin ɗaki, amma idan aka yi ƙasa cikin sanyi sai ta rushe: lambar tana raguwa har ta doshi sifiri. Einstein ya kawo dalili a 1907, Debye ya gyara lissafin a 1912. Dalilin shi ne ƙwayoyin zarra ba sa karɓar zafi ɗis-ɗis yadda aka ga dama, sai a dunƙule, kuma girman dunƙulen ya danganta da saurin girgizarsu. Ƙwaya mai nauyi tana girgiza a hankali, dunƙulenta ƙarami ne, ko a sanyi tana samu. Ƙwaya marar nauyi tana girgiza da sauri, dunƙulenta babba ne, idan sanyi ya yi yawa ba ta samun komai.

Haidirojin shi ne mafi rashin nauyi a cikin dukkan sinadarai. Ƙwayar faladiyom ta ninka shi nauyi fiye da sau 100. Dunƙulen girgizarsa a cikin faladiyom ya yi daidai da zafin 650 zuwa 700 K. K na nufin Kelbin, ma'aunin zafi da ke farawa daga digiri 273 ƙasa da sifiri. Idan ka ɗauki 680 ka saka a lissafin Einstein, za ka samu cewa a 300 K, wato digiri 27, haidirojin yana riƙe kusan kashi biyu cikin uku na jul 25 ɗin nan, amma a 77 K, inda ruwan naitirojin ke tafasa, abin da yake riƙewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Duk zafin da girgizarsa ta tara, kimanin jul 1,960 a kowane mol na haidirojin, zai zubar da shi a hanya tsakanin 300 da 77. Wannan zafin ne za mu kama.

Dabarar kama shi mai sauƙi ce. Giram ɗaya na ruwan naitirojin yana buƙatar jul 199 kafin ya ƙafe. Ka jefa ƙarfe a ciki, ka ga giram nawa suka tashi, ka ninka da 199, ka san zafin da ƙarfen ya saki.

Mataki na farko: tara kaya

Sikeli biyu kake bukata. Ɗaya mai karanta 0.01 na giram wanda zai ɗauki aƙalla giram 300, shi za a ɗora wa kofin naitirojin. Ɗayan mai karanta 0.001 na giram, don auna haidirojin da ya shiga. Na biyun ana samunsa a ɗakin gwaji na jami'a, ƙananan sikelin masu awon zinariya ma wasu suna kaiwa nan. Idan ba ka da shi, ka nemi aro; babu abin da zai maye gurbinsa.

Sai fallen faladiyom na kimanin giram 5, mai kaurin 0.25 na milimita, wanda zai kai faɗin santimita 2 da tsawon 8. Shi ne abu mafi tsada a jerin, yawancinsa daga ma'adinan Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma sai an yi odarsa daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Sauƙin abin shi ne ba ya ƙarewa, falle ɗaya zai yi wa aji bayan aji aiki. Kada ka sayi garinsa. Garin faladiyom da ya sha haidirojin yana iya kamawa da wuta idan iska ta taɓa shi.

Sauran kayan na cikin gari ne, zagaye ɗaya a kasuwar Dole da shagunan Zango ya isa: guntun jan ƙarfe na giram 20 daga wayar wuta mai kauri, guntun alminiyom na giram 10, soda irin ta masu sabulu, tataccen ruwa wanda babu asid a ciki, zaren ɗinki, hantsaki, mita mai ɗan siririn ma'aunin zafi na waya, da injin ba da wuta irin na masu gyaran salula, wanda ake iya saita masa amfiya. Za ka kuma nemi fallen nikel zalla, irin wanda masu haɗa batir ke liƙawa. Ka tambaya da kyau, don da yawa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa nikel. Kofi kuwa na farin kumfa ne, biyu ko uku a cusa cikin juna, ko ka fafe daga kumfar da ake naɗo firji a ciki.

Ruwan naitirojin ka fara tambaya wajen ma'aikatan kiwo da ke ajiye maniyyin shanu don baye, da manyan ɗakunan gwaji. Masu karatun Faransanci da sunan azot suka san shi. Idan ba a samu a gari ba, sai an ɗauko daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko daga Kano, a cikin tulunsa na musamman. Lita biyar sun isa aikin yini biyu idan ka shirya komai kafin ya iso, domin ko ba ka taɓa shi ba yana ƙafewa.

Lokacin aikin ma a zaɓe shi. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, sa'ad da iskar hunturu ta bushe ƙayau. A nan muna da gatan da ɗakunan gwaji na bakin teku ba su da shi, domin laimar iska ita ce babbar abokiyar gabar wannan gwaji: tana daskarewa a bakin kofi ta ƙara masa nauyi, ta rikita maka karatu. Da damina ba na ba da shawarar a gwada.

Mataki na biyu: kare kanka da ɗalibanka

Ruwan naitirojin yana kan digiri 196 ƙasa da sifiri. Lita ɗaya idan ta ƙafe tana zama kusan lita 700 na iska. Saboda haka ba a taɓa toshe bakin abin da yake ciki, ko filas ne ko kwalba, zai fashe. Ba a shiga da shi rufaffiyar mota tare da mutane, ba a aiki da shi a ɗaki marar iska, domin yana korar iskar da muke shaƙa kuma ba shi da wari ko launi, mutum sai dai ya yanke jiki ya faɗi. Tabarau na kariya wajibi ne ga kowa. Safar hannu ta zama mai sako-sako da za a iya yarfewa nan take, kuma ban da silifa, ban da safar ƙafa a buɗe, don tsumma yana riƙe ruwan a jikin fata.

Akwai wani haɗari na musamman ga aikinmu. Iskar oksijin tana zama ruwa a 90 K, sama da sanyin naitirojin, don haka kofin da ya daɗe a buɗe yana tara oksijin a hankali. Faladiyom mai haidirojin bai kamata ya haɗu da wannan ba. Duk lokacin da za ka saka shi, ka zuba sabon naitirojin, kuma idan ka ga ruwan ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, ka kai shi waje ya ƙafe.

Mataki na uku: koyi awo da jan ƙarfe

Faladiyom ya jira tukuna. Ka rufe tagar da ke kallon sikeli, ka kashe fankar da ke kansa, amma ƙofa a buɗe. Ɗora kofin, zuba naitirojin kamar giram 150, ka bar shi minti uku zuwa biyar har kofin ya yi sanyi tafasar ta lafa. Jingina waya ta ɗauki bidiyon fuskar sikelin. Wannan ya fi a sa yaro yana rubutu da hannu, domin daga baya za ka tsayar da hoton duk inda kake so.

Za ka ga lambar tana sauka a hankali, daidai wa daida. Wannan ƙafewar da zafin ɗaki ke jawowa ce. Bar ta minti biyu. Auna zafin guntun jan ƙarfen ka rubuta, sannan ka riƙe zarensa ka sauke shi cikin ruwan a hankali har ya zauna a gindin kofi, ka saki zaren.

Abin da zai biyo baya ka sa ɗalibai su saurara. Da farko tafasar ba ta da ƙarfi, wani ɗan shuuu ne kawai, domin iska ta lulluɓe ƙarfen ta hana ruwan taɓa shi, abin da Leidenfrost ya bayyana a 1756. Can sai ƙarar ta tashi gaba ɗaya, ruwan ya yi ta ɓulɓula na 'yan daƙiƙu, sannan tsit. Lulluɓin ne ya yage, ruwan ya taɓa ƙarfen kai tsaye ya kwashe sauran zafin. Wanda bai san wannan ba yakan tsayar da awo kafin ƙarar ta zo, ya yi asarar wani kaso. Bayan shirun, ka ƙara minti biyu kana ɗauka.

Yanzu ka zauna da bidiyon. Rubuta nauyi duk daƙiƙa 10, ka cire nauyin ƙarfen daga dukkan lambobin da suka zo bayan shigarsa. Zana su a takardar murabba'ai, lokaci a kwance, nauyi a tsaye. Layi biyu za su fito, na kafin da na bayan, duka suna gangarowa. Ka tsawaita su da rula zuwa tsakiyar lokacin tafasar, ka auna tazarar da ke tsakaninsu a nan. Wannan tazarar ita ce naitirojin da ƙarfen ya ƙafar, ba tare da na ɗaki ba.

Jan ƙarfe yana sakin kimanin jul 74 a kowane giram tsakanin 300 da 77 K, don haka giram 20 za su ƙafar da kusan giram 7.4. Da a ce ƙarfin riƙe zafinsa ba ya raguwa a sanyi, da 8.6 za ka gani. Alminiyom na giram 10 zai ba ka kusan 8.1 maimakon 10. Gibin alminiyom ya fi girma don ƙwayarsa ta fi rashin nauyi. Lambar Debye tasa, wadda ke nuna saurin girgizar ƙwayoyin ƙarfe, kusan 428 K ce, ta jan ƙarfe 343, ta dalma kuwa 105 kacal, shi ya sa a dalma da kyar za ka ga gibin. Ko a nan ka tsaya, ajinka ya ga rushewar ƙa'idar Dulong da Petit da idonsa.

Kada ka wuce wannan mataki sai awonka na jan ƙarfe yana maimaita kansa, bambancin bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. Idan kullum sama yake fita, yawanci fantsama ce, ruwan yana tsalle waje lokacin ƙarar. Ka nemi kofi mai zurfi.

Mataki na huɗu: faladiyom tsuransa

Ka lanƙwasa fallen ya zama zobe mai sako-sako da zai shiga kofi, tun yanzu, don bayan ya sha haidirojin yana tauri. Goge shi, auna shi a sikeli mai 0.001, rubuta. Yi masa awon da ka yi wa jan ƙarfe sau biyar ko fiye. Lissafi yana ba da kimanin jul 235 ga giram 5, wato giram 1.2 na naitirojin. Lambar ƙarama ce, don haka ka rage kofi, ka yi masa murfin kumfa mai rami don ƙafewar ɗaki ta ragu.

Mataki na biyar: shayar da shi haidirojin

Ba ka bukatar tulun haidirojin, daga ruwa za ka ciro shi. Narka giram 4 na soda a lita ɗaya ta tataccen ruwa, soda ake zubawa cikin ruwa, da tabarau a ido. Zuba a buɗaɗɗen kofin gilashi. Faladiyom a haɗa shi da wayar ragi (−) ta injin ba da wuta, nikel da wayar ƙari (+), kada su taɓa juna, kuma bakin maƙalan ya tsaya sama da ruwa. Kada ka sa cokali ko wani ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin nikel, yana iya sakin sinadarin kuromiyom mai guba cikin ruwan.

Lissafin lokaci kuwa ga shi. Giram 5 na faladiyom mol 0.047 ne. Muna son ƙwayoyin haidirojin 65 ga kowane 100 na faladiyom, wato mol 0.031. Kowane mol yana cin kulom 96,485, jimla kusan 2,950. Kulom ɗaya shi ne wutar da amfiya ɗaya ke kawowa a daƙiƙa ɗaya. A kan amfiya 0.2, sa'o'i huɗu ke nan da 'yan mintuna. Ka ba shi shida, don ba duka ke shiga ba. Idan za ka iya, ka ja wutar daga batir ko sola, saboda idan ta yanke a tsakiya lissafinka ya rikice.

Ka tsaya ka kalli kofin a rabin sa'ar farko. Jikin nikel zai cika da ƙananan kumfa na oksijin suna hawa, amma faladiyom shiru, ko kumfa ɗaya babu, alhali wuta tana gudana. Ƙarfen ne ke shanyewa. Idan gefe ɗaya ya fi fuskantar nikel, za ka ga fallen yana lanƙwashewa da kansa, domin gefen da ya fara sha ya kumbura ya bar ɗayan. Ka riƙa juya shi. Kumburin na gaske ne: tazarar ƙwayoyin tana tashi daga 0.389 zuwa kusan 0.403 na nanomita, girman ƙarfen ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari. Sai can wajen ƙarshe kumfa za ta fara tsatsafowa a jikinsa, alamar ya ƙoshi. Daga nan kusan mililita 90 na haidirojin ke fita cikin ɗaki a kowace sa'a. Ba shi da yawa, amma yana kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin ɗari na iska, don haka ba a rufe kofin, ba ashana, ba sigari.

Mataki na shida: busarwa da awo

A nan ne gwajin ke yin kyau ko ya lalace, kuma abin da ke lalata shi ɗigon ruwa ne. Ruwan da ya shiga naitirojin yana sakin zafi sau uku: yana sanyi zuwa sifiri, yana daskarewa, ƙanƙarar kuma tana ci gaba da sanyi. Jimla kusan jul 730 a kowane giram. Ɗigo ɗaya na 0.05 na giram da ya maƙale a lanƙwasar falle zai ba ka jul 36. Abin da muke nema gaba ɗaya bai wuce jul 60 ba. Ɗigo biyu sun isa su ƙirƙiro maka sakamakon ƙarya mai kama da na gaske, kuma wannan ya fi rashin sakamako muni. Zaren ma ya zama busasshe, sabo, mai tsawon wanda ka yi amfani da shi a mataki na huɗu.

Ciro fallen da hantsaki, ɗauraye shi da tataccen ruwa, tsane shi da tsumma mai tsabta marar gashi, ciki da waje. Kada ka yi amfani da sifirit ko wani mai saurin kamawa da wuta don ya bushe da wuri. Faladiyom yana haɗa haidirojin da oksijin na iska a fuskarsa, hakan kuma yana ɗumama shi, wani lokaci sosai. Ɗora shi a kan tayil, iskar hunturu za ta ƙarasa busarwar cikin minti ɗaya ko biyu.

Auna shi. Ƙarin nauyin da kake jira kusan 0.031 na giram ne. Ka raba ƙarin da 1.008, ka raba amsar da mol ɗin faladiyom, ka sami yawan haidirojin. Idan lambar ta haura 0.75, kada ka yi murna, bai bushe ba ne. Taɓa shi da ma'aunin zafi ka rubuta. Kuskuren digiri 5 yana kawo kusan jul 9. Sai ka saka shi a sabon naitirojin, ka bi awon kamar da.

Lissafin Einstein yana cewa mol 0.031 sau jul 1,960 zai ƙara kusan jul 60, wato ka tashi daga giram 1.2 zuwa wajen 1.5. Wannan lissafin takarda ne, kada ka tilasta wa sikeli ya yarda da shi. Haidirojin yana kuma sauya girgizar faladiyom kansa da halin elektaron ɗinsa, don haka lambarka za ta iya ɗan kaucewa. Abin da nake so ka tabbatar shi ne ƙarin ya fi warwatsuwar awonka girma nesa ba kusa ba, kuma yana bin yawan haidirojin: ka shayar rabin lokaci, ƙarin ya ragu.

Idan ka ciro shi daga naitirojin, farar raɓa za ta daskare a jikinsa nan take. Bar shi ya ɗumama ya bushe sarai, sake auna shi, sannan ka maimaita. Nauyin zai riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, don haka kowane awo da nasa yawan haidirojin. A cikin naitirojin kuwa ba ya fita, domin a wannan sanyi da kyar yake motsawa. Haka masu bincike ke ajiye irin waɗannan ƙarafa.

In kana da sauran ƙarfi, ka gwada turjiyar wuta. Tura amfiya ɗaya ta tsawon fallen, ka auna milibolt da wasu wayoyi biyu daban a jikinsa, kafin shayarwa da bayanta. Turjiyar tana hawa har kusan ninki 1.8 idan haidirojin ya kai 0.7. Tunda elektaron ne ke ɗaukar yawancin zafi a ƙarfe, kamar yadda Wiedemann da Franz suka nuna alaƙar a 1853, wannan yana gaya maka cewa tafiyar zafi a cikinsa ma ta ragu.

Abin da ke ƙasa da 77 K

Naitirojin iyakarsa ke nan. Ƙasa da haka sai ruwan hiliyom, mai tafasa a 4.2 K, wanda Kamerlingh Onnes ya fara samarwa a Leiden a 1908, ko injin sanyi na musamman. Duk da haka ya kamata ɗalibi ya iya karanta sakamakon waɗanda suka auna, kuma hanyar ɗaya ce. A 'yan digiri sama da sifirin Kelbin, ƙarfin riƙe zafi kashi biyu ne: na elektaron, mai tafiya da T, wato zafin a ma'aunin Kelbin, da na girgizar ƙwayoyi, mai tafiya da T sau T sau T. Idan ka raba ƙarfin riƙe zafin da T ka zana shi a kan murabba'in T, layi miƙaƙƙe zai fito. Inda ya yanki layin tsaye shi ne rabon elektaron, gangararsa kuma ta ba ka lambar Debye.

Rabon elektaron na jan ƙarfe kusan milijul 0.7 ne, na faladiyom 9.4, ninki goma sha uku. Shi ya sa a jan ƙarfe elektaron ba sa rinjaye sai ƙasa da 4 K, a faladiyom kuwa tun daga 10 K. Da haidirojin ya cika, lambar faladiyom tana faɗuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na yadda take, domin elektaron ɗin da haidirojin ya zo da su suna cike guraben da suka sa ta yi girma. A daidai nan ne ƙarfen ke daina amsa wa maganaɗisu ɗan amsawar da yake yi a da.

Sai abubuwa uku da suka ba masana mamaki. A 1957 Nace da Aston a Amurka suka ga wani tudu a zanen ƙarfin riƙe zafi kusa da 55 K. An shafe shekaru ana muhawara, sai a ƙarshen shekarun 1970 gwajin nutiron ya nuna cewa ƙwayoyin haidirojin ne ke jeruwa cikin tsari a gurabensu maimakon zaman barkatai, kuma jeruwar tana da jinkiri ƙwarai, har sakamakon ya danganta da tsawon jiran mai awo. A 1972 Skośkiewicz a Foland ya gano cewa faladiyom, wanda shi kaɗai ba ya rasa turjiyar wuta komai sanyi, yana rasa ta gaba ɗaya idan haidirojin ya haura kusan 0.8. Idan ya cika ɗaya da ɗaya, hakan na faruwa a kusan 9 K, da diteriyom kuma, wato haidirojin mai ninkin nauyi, a kusan 11 K, akasin abin da ƙa'idar da aka saba ta yi hasashe. Na uku a ƙarfen niyobiyom ne: a 1974 a Jami'ar Illinois aka ga rarar zafi ƙasa da 1 K, daga baya aka tabbatar ƙwayar haidirojin ce da ta maƙale kusa da oksijin ko naitirojin a cikin ƙarfen, tana ratsawa tsakanin gurabe biyu ba tare da ta sami ƙarfin tsallake shingen ba.

Kada wani ya ce wannan ya yi nisa da mu. Batirin NiMH da ke cikin wasu fitilun sola da rediyo, haidirojin yake ajiyewa cikin gaurayen ƙarfe dangin lantanom da nikel, wanda aka gano a ɗakin binciken Philips a Holan wajen 1970. Mai walda da ya bar sandunansa suka sha laima, haidirojin ne ke shiga ɗinkin ya tsaga shi bayan ya huce. Injiniyan matatar man fetur ta SORAZ kuwa dole ya san abin da haidirojin ke yi wa bututun ƙarfe. Ɗalibin da ya taɓa auna giram 0.031 da hannunsa zai shiga waɗannan ayyuka da fahimtar da ba a samu daga hadda.

Mataki na ƙarshe: fitar da haidirojin da ajiya

Kada ka saka falle mai haidirojin a rufaffiyar kwalba, ko ambulan, ko cikin auduga. Mayar da shi cikin ruwan sodar ka juya wayoyin, faladiyom a ƙari, nikel a ragi, a kan amfiya 0.1. Yanzu kumfar haidirojin a jikin nikel za ta fito. Ka tsaya da zarar kumfa ta fara bayyana a jikin faladiyom, ka ɗauraye, ka busar, ka auna. Idan bai koma nauyinsa na farko ba, ka maimaita da wuta ƙasa da haka.

Za ka lura fallen ya ɗan yamutse, ƙyallinsa ya dushe. Kumburi da motsewa ne suka jawo, kuma yana ƙaruwa da kowane zagaye, shi ya sa masana'antun da ke tace haidirojin ta fallen faladiyom suke gauraya shi da azurfa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka kafin aji na gaba ka sake awon mataki na huɗu, kada ka dogara da tsohuwar lamba. Ruwan sodar a tsarma shi da ruwa mai yawa kafin a zubar. Sauran naitirojin a kai shi fili, nesa da yara da dabbobi, a bar shi ya ƙafe a buɗe. Ba a zuba shi a kwata ko bututun roba, yana fasa su. A littafin ɗakin gwaji ka rubuta ranar, da zafin ɗaki, da nauyin fallen, da adadin zagayen da ya sha, ka ajiye bidiyoyin tare da lambobinsu don wanda zai karɓi aikin bayanka.